Sunayen Rumawa a wasan Imperator: Rome

Wasan kwamfuta na Imperator: Rome, wanda kamfanin Paradox ya fitar a 2019, ya yi ƙoƙari wajen bin tsarin Rumawan dauri, inda namiji kan ɗauki sunan yanka, da na zuri'a, da laƙabin gida, kamar Gaius Julius Caesar. Sunayen yankan Rumawa 'yan kaɗan ne, shi ya sa Marcus da Lucius ke yawan maimaituwa har mai wasa ya rikice. Abin da ya fi burge ni shi ne jerin sunayen yana cikin fayilolin rubutu, kuma gyara su ba shi da wuya, muddin mai gyaran ya tuna cewa mace sunan zuri'ar mahaifinta take ɗauka, wato 'yar gidan Cornelius ita ce Cornelia.