Lisans ɗin fizik a hannu: wace hanya ta fi dacewa da ɗalibin arewacin Kamaru?

Ɗalibin da ya shiga sashen fizik a Jami'ar Ngaundare ko ta Marwa yana biyan sefa 50,000 kuɗin rajista a shekara, ban da haya da abinci da kuɗin mota, kuma bayan shekara 3 ya fito da lisans, wato digiri na farko. Abin da iyaye da yawa ba sa ganewa sai daga baya shi ne, wannan takarda ita kaɗai ba kasafai take sama wa mutum aiki ba, domin ma'aikatu ba sa neman masanin fizik haka kawai, malami suke nema, ko injiniya, ko mai kula da na'ura. Amfanin lisans ɗin shi ne yana ba mai shi damar shiga horo na biyu, kuma a kan wannan horo ne ya kamata a yi lissafi tun ɗalibi yana shekara ta 2: shekara nawa zai ƙara, nawa zai ci, kuma ina aikin yake idan an gama.

Koyarwa ita ce hanyar da kowa ya sani. Mai lisans yana rubuta konkur, wato jarrabawar gasa, na shiga zagaye na biyu a babbar makarantar horar da malamai, wato ENS, wadda aka buɗe a Marwa a 2008 tare da jami'ar, ya yi shekara 2 ya sami DIPES II, takardar koyarwa a lise. Fa'idarta a fili take: makarantar tana kusa da gida, kuma malaman kimiyya sun yi ƙaranci a garuruwa da ƙauyukan arewa, ga darasin maimaitawa da iyaye ke biya wa 'yan ajin bak, wato ajin ƙarshe na lise, da yamma. Amma duk wanda ya ga yajin aikin malamai na 2022, wanda aka sani da OTS, ya san cewa akwai waɗanda suka yi shekaru suna koyarwa suna jiran lambar ma'aikaci da albashinsu na baya. Saboda haka kafin a biya kuɗin konkur, a karanta sanarwar wannan shekarar da kyau a ga abin da ta ce game da ɗaukar aikin gwamnati da iyakar shekarun haihuwa, kada a dogara da yadda aka yi wa yayye shekara 10 da suka wuce.

A ganina, wanda gidansu ke jiran ya fara kawo wani abu da wuri ya fi kyau ya dubi lantarki da hasken rana. Wajen wutar lantarki, arewa ta daɗe tana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, kuma idan ruwa ya ja da baya a rani kowa a Garwa da Marwa yana ji a jikinsa. Wannan ne ya sa aka kafa tashoshin sola a Marwa da Gidar, kuma shi ne ya sa masu shaguna da asibitoci da masu rijiyoyin burtsatse ke sayen nasu. Makarantar injiniyoyi ta Polytechnique da ke Marwa tana da sashen makamashi mai sabuntuwa, kuma mai lisans ɗin fizik ba baƙo ba ne a can. Bambancinsa da wanda ya koyi haɗa waya a kasuwa yana fitowa ne a wurin lissafi. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faifan sola an auna shi ne a zafin digiri 25, alhali a watan Afrilu faifan da ke kan kwano a Kusiri yana iya wuce digiri 60, kuma kowane digiri na ƙari yana rage kusan kashi 0.4 cikin 100 na abin da yake bayarwa, kafin ma a zo kan ƙurar hunturu. Wanda ya san wannan zai auna faifai da batir yadda famfo ba zai tsaya da rana tsaka ba, batir kuma ba zai mutu cikin shekara guda ba. Sharaɗin dai shi ne ya yarda ya hau rufi da kansa, kuma ya nemi wurin koyon aiki tun yana hutun jami'a, domin darasin allo bai koya wa kowa ɗaure waya ba.

Man fetur da ma'adinai suna da suna da albashi, kuma makarantunsu ba su da nisa: akwai ta ma'adinai da man fetur a Kaele, akwai ta nazarin duwatsu da haƙar ma'adinai a Maiganga. Bututun da ya taso daga Doba a Chadi zuwa Kribi, mai tsawon kilomita 1,070, yana aiki tun 2003. Sai dai guraben kaɗan ne, ɗaukar ma'aikata tana bin farashin mai da fara sababbin ayyuka, kuma ofisoshin suna Duwala da Yawunde da Njamena. Wanda ba shi da halin zaman jira a birnin da ba nasa ba ya yi tunani sau biyu.

Akwai wata hanya da ba a cika ambatonta a zauren gida ba, alhali ta dace da mai fizik ƙwarai. Hukumar ASECNA, wadda ke kula da zirga-zirgar jiragen sama a Kamaru da Chadi da Nijar da wasu ƙasashe, tana da makaranta a Yamai mai suna EAMAC, inda ake horar da masu hasashen yanayi da masu ba jirage hanya da masu kula da na'urorin filin jirgi. Da konkur ake shiga, lissafi da fizik ne ƙashin bayansa, kuma ana buƙatar Turanci domin da shi ake magana da matuƙa. Gasar tana da zafi, amma ɗan Garwa da ke jin Hausa ba zai ji kansa baƙo a Yamai ba.

Fizik na asibiti, wato auna hasken da ake gasa ciwon daji da shi da kiyaye lafiyar masu aiki da na'urorin hoto, fanni ne mai daraja wanda hukumar gwamnati mai kula da kariya daga wannan haske ke sa ido a kan ƙa'idojinsa, sai dai yana buƙatar mastar na musamman, sau da yawa a waje, kamar wanda cibiyar binciken fizik ta ICTP ke yi a Trieste ta Italiya. Haka ma bincike da koyarwa a jami'a: mastar shekara 2, digirin dakta aƙalla shekara 3, wato shekara 8 daga bak idan komai ya tafi daidai, kuma ba kasafai yake tafiya daidai ba. Buɗe Jami'ar Garwa a 2022 ya ƙara buƙatar malamai, amma wannan hanya ta wanda makinsa ya yi fice ce, kuma ya sami tallafi irin na cibiyar kimiyyar lissafi ta AIMS da ke Limbe, wadda ke ɗaukar nauyin ɗaliban da ta zaɓa. Wanda mahaifinsa zai sayar da shanu ya biya masa waɗannan shekaru, gara ya fara da sola ko koyarwa, ya yi rajistar mastar daga albashinsa.