Sharhi: Na kai fim ɗina sutudiyo a Zoo Road don a sa masa kiɗa

Sutudiyon kiɗa ba ya wuyar samu a Kano, musamman a Zoo Road da layukan da ke bayanta. Wanda ke wuyar samu shi ne makaɗin da ya san buga waƙa daban, sa wa fim kiɗa daban. Yawancinsu gidajen waƙa ne: ka zo da baitocinka, a ɗora maka kiɗa, 'yan amshi su shiga, a zuba maka a filasha ka kama gabanka. Kiɗan da ke bin bayan maganar jarumai, wanda mai kallo ba ya lura da shi sai an cire, ba kowa ya iya shi ba. Kwanan baya na kai zangon farko na wani fim mai dogon zango da muke ɗorawa a YouTube wani sutudiyo a wannan yanki. Ba zan kama suna ba, don akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ba talla aka ba ni ba.

Abin da ya kai ni ba son burgewa ba ne, asara ce. Editoci da yawa sun saba su ciro kiɗan tausayi daga intanet ko daga finafinan Indiya su manna. Da can a zamanin kaset da faifan CD na Ƙofar Wambai babu mai bin ka. Yanzu kuwa YouTube na da wata manhajar bin diddigin mallaka mai suna Content ID, yana gane kiɗan wani ko da ɗan gutsure ne, sai kuɗin tallan ya koma wa mai kiɗan, kai da ka biya jarumai da kayan aiki ka tashi a tutar babu.

Wurin ɗaki biyu ne, an lulluɓe bango da soso. Akwai fiyanon Yamaha, kamar yadda aka saba tun ƙarshen shekarun 1990 da fiyanon Yamaha samfurin PSR ya zama tushen kiɗan finafinan Hausa, sai kwamfuta da lasifika biyu. Makaɗin wurin da manhajar FL Studio yake haɗa ganguna, amma in aikin bin hoto ne sai ya koma wata manhajar, Cubase. Kayan dai ba su fi na maƙwabtansa ba.

Inda ya fi su shi ne ranar farko bai taɓa fiyano ba. Zama muka yi muka kalli fim ɗin haka nan, babu kiɗa, yana rubuta minti da daƙiƙa a littafi, yana tambayata wace ce wannan, me ta sani da mijinta bai sani ba. Labarin rikicin gado ne, kuma akwai fitowar da ake sanar da uwa cewa babban ɗanta ya sayar da gonar mahaifinsu. Ni a raina nan ne za a saki kiɗan kuka. Ya ce, "Darakta, nan a bar ta haka. Ga ƙarar daka daga maƙwabta ta shigo, ga numfashinta. In na sa fiyano, ni zan yi mata kukan." Na ce, "Malam, masu kallo sun saba." Ya ce mu gwada duka biyun. Da muka gwada, nasa ya fi nisa. Sai da ta miƙe ta shiga ɗaki sannan ya shigo da gurmi a hankali.

Gurmin nan na gaske ne, mutum ya kira ya zo ya kaɗa a gaban makirfo, haka ma sarewa. Ya ba uwar ɗan gajeren sauti nata na kanta, wanda ke dawowa duk inda aka tuna da ita ko da ba ta cikin hoton, wani lokaci da sauri, wani lokaci a ja shi. Kafin a kai tsakiyar zangon, yarana a gida da sun ji shi sai su ce ga Inna nan. Kalangu kuwa ya ƙi sa shi a ƙarƙashin zance, kuma hujjarsa ta zauna mini: kalangu magana yake yi, yana hawa yana sauka yadda harshen Hausa ke hawa da sauka, don haka kunne sai ya rabu biyu, rabi wajen jarumi rabi wajen ganga. Ya ajiye shi sai wajen sauya fitowa da wurin biki. Goge ma haka, muryarsa ta yi kusa da ta mutum, sai ya riƙa sa shi inda babu mai magana.

Wajen haɗa sauti ma ya fitar da ni kunya. Mun ɗauki wasu fitowar da janareta a kusa, ga kuma gurnanin nan na wutar lantarki mai 50 Hz da ke shiga waya. Ya rage su sosai ba tare da muryoyin sun koma kamar daga cikin tulu ake magana ba. Ya yi aikin a kan 48 kHz, ma'aunin bidiyo, ba 44.1 na faifan waƙa ba. Sannan ya fitar mini da kwafi biyu: na YouTube, wanda ke rage duk sautin da ya haura wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan), da wani mai sauƙin ƙara a kan -23, ma'aunin da tashoshin talabijin na Turai ke bi, ko da wata tasha irin Arewa24 za ta nema wata rana. Abin da ya fi ba ni dariya kuma ya fi amfani shi ne wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi da ke kan teburinsa. Duk fitowar da ya gama sai ya tura mata ya saurara. Ya ce masu kallonmu a waya suke kallo, cikin adaidaita ko a shago, kuma ƙaramar lasifika ba ta fitar da kiɗa mai kauri. In ba a ji magana a wayar nan ba, ba a gama ba.

To, ga inda ban ji daɗi ba. Waƙar buɗe fim ta fito kamar ta kowa. Mawaƙiyar tana da murya mai daɗi, amma ya danna mata Auto-Tune, manhajar gyaran murya, har ta sirance, ba ka bambance ta da sauran da ake ji a kowane gidan biki. Na roƙa a sassauta, ya sassauta kaɗan, ya ce kasuwa haka take so. Mutumin da ya san darajar shiru a tsakiyar fim, da ya zo waƙa sai ya koma layin jama'a.

Sai alƙawari. "Gobe in sha Allahu" ta yi yawa. Wani lokaci an ɗauke wuta ne kuma mai ya yi tsada, wannan na yi masa uzuri. Amma sau da yawa masu waƙar biki ko ta siyasa ne ke shigowa da kuɗi a hannu, sai a ture aikinka gefe, alhali ka ba da rabin kuɗi kafin alƙalami. Kuɗin ma ba kaɗan ba ne, kowane kashi da farashinsa, mai gurmi da mai sarewa kuma ni na sallame su daban.

Da ya tashi ba ni aikin, dunƙule ya ba ni, magana da kiɗa a haɗe. Sai da na matsa kafin ya raba: magana daban, kiɗa daban, sauran ƙararraki daban. Kowa ya nemi wannan tun kafin a fara, domin in Hukumar Tace Finafinai ta ce a yanke wani wuri, ko aka so a juya fim ɗin zuwa wani harshe, dunƙulallen ba zai gyaru ba. Takardar mallakar kiɗa ma ba ta cikin al'adar wurin, ni na rubuto muka sa hannu, don kada wata rana a yi rajistar kiɗan da sunan wani YouTube ya kama ni da abin da na biya.

Zango na biyu can zan mayar da kiɗan cikin fim da haɗa sauti, waƙar kuma in kai wani wuri. Wanda zai je, kada ya kai aikin sai edita ya gama yanka da haɗa hoto gaba ɗaya. Daƙiƙa biyu aka cire daga baya, duk kiɗan da ke gaba sai ya goce daga inda aka ɗora shi, kuma gyaran kuɗi ne sabo.