Sashen rediyoterafi da ya yi wa gwaggona gashin kansar gaba, abin da na gani

Kansar bakin al'aurar mace ba ciwon da ake yawan maganarsa ba ne, kunya ma kan hana mata faɗa har sai abu ya yi nisa, shi ya sa na ga gara in faɗi yadda sashen nan ya kula da gwaggona bayan tiyata. An cire ƙarin amma aka samu ciwon ya taɓa kaluluwar matsematsinta, likita ya ce sai an bi da gashin haske haɗe da kemo, wato maganin kansa da ake sawa ta jijiya, mai suna Cisplatin, sau ɗaya a sati.

Abin da ya fi burge ni wallahi shi ne IMRT suke amfani da shi, wato injin na zagaya jiki yana rage ƙarfin hasken a wani wuri yana ƙarawa a wani, don kar mafitsara da hanji da ƙashin ƙugu su sha wuta a banza, saɓanin tsohon salo da haske ke shigowa ta gaba da baya ya kama duk abin da ke tsakani. Kafin a fara sai da aka yi mata hoton CT na tsarawa, aka kwantar da ita ƙafafu a buɗe kamar zaman kwaɗo don fatar matsematsi kar ta naɗe, aka yi mata wani matashi da ya ɗauki siffar jikinta da 'yan ɗigo a fata, don kullum ta kwanta daidai wurin jiya. Akwai kuma wani abu mai laushi da suke ɗorawa a wajen, bolas suke ce masa, shi ke sa hasken ya kama saman fata sosai inda aka cire ƙarin. Litinin zuwa Juma'a ake yi, galibi sati 5 zuwa 6, kowace rana kusan girei 1.8 (girei shi ne ma'aunin yawan hasken), gashin kansa mintoci ne kawai, jiran layi da cika mafitsara da ruwa su ne masu cin lokaci.

Ma'aikatan kam Allah ya saka musu. Tsohuwa ce mai tsananin kunya, ranar farko har da hawaye, wata ma'aikaciya ta rufe ta da mayafi ta bar iya inda ake buƙata tana cewa “Mama ki kwantar da hankalinki, ni ce zan tsaya a kanki”, daga nan duk ranar da ta nemi mace sai sun yi ƙoƙari sun samo mata.

Inda suka gaza gaskiya shi ne bayanin fata. An dai ce za ta yi ja, amma ba wanda ya zaunar da mu ya ce wajen sati na 3 zuwa sama fatar na iya salewa tana tsattsafo ruwa, fitsari ya zama azaba ga zawo, zama ma ya gagara. Har ta ce ita ta haƙura ta daina zuwa, sai a lokacin nas ta ba mu maganin shafawa da na ciwo, ta ce a riƙa zama cikin ruwan ɗumi, a bar sabulu mai ƙamshi, a sa kaya sako-sako na auduga, kuma ta ja kunnenmu cewa tsallake ranaku na rage amfanin gashin. To wannan ai tun ranar farko ya kamata a faɗa mana.

Duk da haka zan tura 'yar uwata wajen ba tare da fargaba ba. Ku dai tambaya wane salo za a yi muku, wa za ku kira in fata ta sale da dare, sannan kar ku ji nauyin tambayar kumburin ƙafa da tsukewar gaba da kan biyo baya, don akwai safar matse ƙafa da 'yar na'urar buɗawa da ake bayarwa, mu sai da muka tambaya aka kawo.