SSD, RAM ko batir: wanne za ka fara saya wa laftof ɗin da aka kawo maka?

Idan mai kaya ya ajiye maka laftof yana kukan ta yi nauyi, wato ba ta sauri, abin da zai fara tambaya shi ne ko za a canja mata furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikinta. Amsar kusan kullum a'a ce. Zubi na 4 na Intel Core shi ne na ƙarshe da aka saba ganin furosesarsa a soket ɗin da ake kwancewa. Daga nan aka koma liƙe ta a kan bod (babban allon cikin laftof) da darma, haka ma katin hoto. Don haka kuɗin mai kaya wurare kaɗan za su iya zuwa su yi amfani: ma'ajiyar bayanai, RAM (ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita), batir da caja, sai sikirin idan ya fashe. Aikinka shi ne ka gano wanne ne ke riƙe da na'urar, sannan ka tabbatar bod ɗin zai karɓi abin da za ka sayo.

Kada ka yi oda da lambar da ke manne a ƙarƙashin laftof kawai. Kamfani ɗaya yakan fitar da samfuri ɗaya da bod iri biyu ko uku, wani da gurbin RAM biyu, wani da ɗaya, wani an liƙe RAM ɗin gaba ɗaya. Dell da HP da Lenovo suna ajiye littafin gyaran na'urorinsu kyauta a intanet, ka duba shi. Task Manager na Windows zai nuna maka ko faifai ne ke tsaye a kashi 100 ko RAM ne ya cika, amma adadin gurbin da yake faɗa daga BIOS (manhajar cikin bod mai tayar da na'ura) yake karantowa, kuma wani lokaci ba ya dacewa da abin da ke ciki. Gani ya kori ji. Kwance murfin ƙasa, zare wayar batir, ka duba da idonka.

Ma'ajiya ce wurin da kuɗi ke yin aiki fiye da ko'ina. Laftof ɗin da har yanzu ke kan HDD, wato tsohon faifai mai juyi 5400 a minti, tana karanta abin da bai wuce megabait 100 da ɗoriya a daƙiƙa ba, kuma a kan ƙananan fayiloli da ke warwatse, irin waɗanda Windows ke nema lokacin tashi, abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba, domin sai allurar ta yi ta yawo a kan faifan. SSD (ma'ajiya mai guntayen lantarki maimakon faifai) mai haɗin SATA yana kai wa kusan megabait 550, kuma ba shi da abin da ke motsi. Wannan canji shi ne wanda mai kaya zai gani tun daga kunnawar farko. Idan kuɗinsa na abu ɗaya ne tak kuma na'urar na kan HDD, babu wata muhawara, SSD za ka saya. Ka dai duba kaurin gurbin inci 2.5, domin akwai na milimita 7 akwai na 9.5.

Inda ake yawan asarar kuɗi shi ne gurbin M.2, inda ake soka siririn SSD. Sunan siffa ne kawai, ba ya gaya maka irin harshen da gurbin ke ji. Wani SATA kawai yake ɗauka, wani NVMe kawai (hanyar haɗi da ta fi SATA sauri), wani duka biyun. SSD na SATA yawanci tsaga biyu ne a bakinsa, na NVMe tsaga ɗaya, amma abin takaici shi ne mai tsaga biyun zai shiga gurbin NVMe lafiya lau, ka ɗaure sukuru, ka kunna, BIOS ya ce bai ga komai ba. Sai kuma tsayi. Lambobin 2230 da 2242 da 2280 ma'auni ne: faɗi milimita 22, tsayi 30 ko 42 ko 80. Ka duba inda ramin sukurun yake kafin ka biya. A siraran laftof ka ƙara duba ko SSD ɗin na da guntaye a fuska biyu, domin wani gurbin a kwance yake dab da bod, mai fuska biyu zai lanƙwashe idan ka matsa masa.

Tsakanin NVMe da NVMe kuwa, ni ban ga dalilin biyan kuɗin SSD mai haɗin PCIe 4.0 mai kusan megabait 7,000 a daƙiƙa ga bod ɗin da ke PCIe 3.0 ba. Zai yi aiki, amma zai tsaya a wajen 3,500. Ko a bod ɗin da ke ɗaukarsa, mai buɗe Word da burauza ba zai ji bambancin ba. Abin da ya fi cancantar kuɗin shi ne irin ƙwayar ajiyar. TLC na ajiye bit uku a kowace ƙwaya, QLC huɗu, shi ya sa QLC ya fi araha kuma ya fi saurin gajiya. Samsung da kansa ya ba 870 EVO mai terabait ɗaya garantin rubutu na terabait 600, ya ba 870 QVO mai girma ɗaya 360. Ga wanda takardu da hotuna kawai yake ajiyewa, ko 360 ɗin zai yi shekaru bai taɓa shi ba. Matsalar QLC ta fi fitowa wurin kwafar manyan fayiloli: da zarar ɗan wurin da ya keɓe don saurin rubutu ya cika, wasunsu kan faɗo har ƙasa da gudun HDD. Mai tace bidiyo ko mai kwafar manyan bayanai kullum, TLC za ka ba shi. Akwai kuma batun SSD mara DRAM, wato mara ɗan RAM na kansa. Na NVMe yana aron ɗan RAM na kwamfuta ya rufe giɓin, don haka ba laifi. Na SATA ba shi da wannan hanyar, kuma idan ya haɗa rashin DRAM da QLC, shi ne wanda zan guje wa in dai a kansa Windows zai zauna.

SSD na hannu fa? Ana iya saya, amma sai an karanta bayanan lafiyarsa, wato SMART, da manhaja irin CrystalDiskInfo, a ga awannin da ya yi a kunne da adadin abin da aka rubuta a kansa. Sabo mai suna baƙo da girma mai yawa a farashin da hankali bai ɗauka ba, ka cika shi da manhajar gwaji ta H2testw kafin ka ɗora bayanan mutum, domin akwai na jabu da ke nuna terabait biyu alhali abin da ke ciki ɗan kaɗan ne. Kafin ka cire tsohon faifai kuma, tambayi mai kaya ko BitLocker, makullin bayanai na Windows, na kunne, ka tabbatar mabuɗin dawo da shi na hannu. Idan wajen saka Windows a sabuwar na'urar Intel aka ce ba a ga faifai ba, kada ka yi saurin cewa SSD ya lalace. Sau da yawa daraiban ma'ajiya na Intel mai suna RST ne babu, ko saitin VMD ke kunne a BIOS.

RAM ya fi sauƙin saye, in dai ka iya karanta takardar da ke manne a jikinsa. Ɗauki wanda aka rubuta wa 8GB 1Rx8 PC4-3200AA: gigabait 8 ne, DDR4, gudu 3200. Wanda aka rubuta wa PC3L-12800S kuwa DDR3L ne mai gudu 1600, kuma harafin L ɗin nan shi ne abin lura. DDR3 na yau da kullum bolt 1.5 yake ci, DDR3L 1.35. Laftof da yawa daga zubi na 4 zuwa sama da ke kan DDR3, mai L kawai suke karɓa, kuma tsagar duka biyun a wuri ɗaya take, fil 204, don haka zai shiga amma na'urar ta ƙi tashi. Mai L ɗin yawanci yana aiki a tsohon bod mai 1.5, shi ya sa idan za ka ajiye DDR3 a aljihun tebur, mai L ka ajiye. DDR4 fil 260 ne, DDR5 262, kuma an sauya wurin tsagar don kada wani ya shiga gurbin wani.

Nawa ya isa? Microsoft ta ce gigabait 4 ne mafi ƙaranci ga Windows 11, amma duk wanda ya gwada ya san tashi kawai za ta yi. Takwas ya ishi mai aikin ofis, 16 shi ne inda hankali ke kwanciya ga mai buɗe shafuka barkatai da taron bidiyo. Idan gurbi biyu ne, guda biyu masu gigabait 8 sun fi guda ɗaya mai 16, domin hanya biyu za su buɗe zuwa furosesa, kuma laftof ɗin da katin hotonta ke cikin furosesa daga RAM yake ci, don haka ta fi kowa amfana. Haɗa masu gudu daban ba haramun ba ne, duka za su koma gudun na ƙasa. A nan ne kuma na fi yarda da kayan da aka ciro daga wata na'ura. RAM ba ya tsufa kamar batir ko SSD. Na Samsung ko SK hynix ko Micron da aka ciro daga laftof ɗin da bod ɗinta ya mutu, idan ya wuce gwajin MemTest86 ba kuskure ko ɗaya, ya fi mini sabo mara suna.

Batir akasin haka ne, kuma a nan nake roƙon abokan sana'a kada su bi araha. Araha ba ta ado, a batir kuma tana iya zama gobara. Fara da rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt na Windows, ka kwatanta ƙarfin da aka ƙera batir da shi da wanda yake iya riƙewa yanzu. Idan ya faɗo zuwa rabi, ko mai kaya ya ce tana mutuwa a kashi 30, lokaci ya yi. Idan ka ga wurin shafa yatsa ya ɗago ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ya kumbura, a cire shi yau, kada a huda shi, kada a lanƙwasa shi wajen ɓanɓarowa. Zaɓi uku ne a gabanka. Na asali daga kamfani shi ne mafi aminci, amma ka duba ranar ƙira, domin batirin litiyom yana tsufa ko a kan kanta yake zaune. Na wani kamfani sananne mai ba da garanti a rubuce abin karɓa ne, musamman ga na'urar da aka daina yi wa batir. Na hannu kuwa, ba ka san zafin da ya sha ba. Ka saya da lambar da ke jikin tsohon batirin, ka daidaita bolt da siffar fulogi. Bayan ka saka, idan na'urar kullum a jone take, kunna iyakar caji a wajen kashi 80 ta Lenovo Vantage ko MyASUS ko manhajar Dell, batirin zai fi daɗewa.

Caja ma tana da nata sirrin da ke ɓatar da masu gyara. Cajar Dell mai zagayen baki tana da siririn fil a tsakiya wanda ta nan laftof ke gane ko wat nawa ce. Idan fil ɗin ya karye ko cajar jabu ce, na'urar za ta kunnu, amma ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudun furosesa ƙwarai. Mai kaya zai zo da kukan nauyi, kai kuma ka tafi neman RAM. Shiga BIOS ka duba abin da aka rubuta a wurin caja: idan ba ta gane ta ba, ga mai laifin nan. A USB-C, wayar ma tana cikin lissafi. Waya ta yau da kullum amfiya 3 take ɗauka, wato wat 60 a bolt 20. Fiye da haka sai mai ɗan guntu a kanta da ke shaida wa caja tana iya ɗaukar amfiya 5. Cajar wat 100 da wayar wat 60, wat 60 za ka samu.

Sikirin kuwa ba a sayensa da inci kawai. Cire fasasshen, juya bayansa, za ka ga lambar wanda ya ƙera shi, AUO ko BOE ko Innolux ko LG, da ita za ka nema. Ƙirga fil ɗin fulogin, 30 ko 40, ka duba ko a hagu yake ko a dama, ka duba ko akwai kunnuwan ɗaure sukuru ko da gam ake manna shi. Tsohon fulogin sikirin irin LVDS mai fil 40 da na eDP mai fil 40 sun yi kama, amma abin da ke bi ta cikinsu ya bambanta, haɗa su na iya ƙona wani abu. Idan mai kaya na kan sikirin 1366x768 irin TN, komawa mai 1920x1080 irin IPS gyara ne da idonsa zai gode masa kullum, da sharaɗin wayar sikirin ɗin na da layi biyu na eDP, domin wasu masu araha layi ɗaya aka ja musu. Kuma kada ka taɓa fulogin sikirin alhali batir na jone. Ko na'urar a kashe take, akwai wuta a layin hasken baya, ɗan karkacewa kaɗan ya isa ya ƙona fis a kan bod, sabon sikirin ya nuna hoto a duhu.

Katin Wi-Fi abu ɗaya zan ce a kansa: Intel AX201 sai bod ɗin Intel da aka tsara masa, AX200 kuwa yana aiki har a na AMD. Tsofaffin Lenovo da HP kuma wasunsu na ƙin katin da ba ya cikin jerin BIOS ɗinsu.

Akwai na'urorin da gaskiya ita ce ka ce wa mai su kada ya kashe kuɗi. Ƙananan laftof masu ma'ajiyar eMMC da RAM a liƙe ba su da inda za a ƙara komai. MacBook Pro mai Retina tun 2012 RAM ɗinsa a liƙe yake, kuma masu furosesar Apple da suka fara fitowa a 2020 abin da aka saya da shi ke nan. Sai batun Windows: tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesar Intel daga zubi na 8, ban da 'yan kaɗan da aka keɓe. Laftof mai zubi na 6 ko na 7 da lafiyayyen bod tana iya ci gaba da aiki a kan Linux, kuma SSD bai zama asara a kanta ba, tunda za a iya cire shi a sa a wata na'urar ko a akwatin USB. Amma idan ita ɗin ce ke neman sabon batir da sikirin da RAM a lokaci guda, zauna da mai kaya ka jera masa kuɗin ukun, ka sa kusa da na laftof ta hannu mai zubi na 8 ko sama, ya zaɓa da kansa.