Kwana bakwai a sansanin hutu kusa da Montalivet, da abin da idon surukata ya gani

A watan Agusta muka kama kwana bakwai a wani sansanin hutu na iyali kusa da Montalivet, a bakin tekun Atalantika na Faransa. Ni da maigida da yara uku, sai Hajiya surukata da ta zo daga Maraɗi ganin jikoki. Ɗan gidan katako muka kama maimakon tanti, saboda gwiwarta. Kuɗin Agusta kun san shi, ba sai na fama wa kowa ciwo ba. Maigida ne ya nemo wurin a intanet, kuma araha kaɗai ya duba, bai duba su waye maƙwabta ba.

Rana ta uku bayan la'asar, na ce Hajiya ta zo mu taka yashi ta sha iska. Muna tafe tana ba ni labarin bikin gida, na ga wani allo na wuce ban karanta ba. Ba mu yi nisa ba sai ga wani tsoho ya nufo mu, hula a kai, takalmi a ƙafa, shi ke nan suturarsa. Har da gaishe mu cikin fara'a. Hajiya ta ja salati, ta rufe fuska da mayafi, ta damƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, gidan mahaukata aka buɗe?" Na ɗaga kai, jama'a ce birjik, masu wasan ƙwallo, masu karatun jarida, tsofaffi da jikokinsu, kowa yadda uwarsa ta haife shi. Ƙasa ta tsage in shige, haka na ji. Ga suruka a hannu!

Wata mata ce ta fitar da mu. Da ta hango halin da muke ciki, sai da ta ɗaura tawul tukuna ta matso. Ta ce nan ɓangaren masu zama tsirara ne, sansaninsu yana nan tun 1950, ta raka mu har bakin hanya. Wai mu masu sa tufafi suna kiran mu "masu yadi". Gaskiya ɗaya ce: ba wanda ya ƙura mana ido, ba wanda ya yi dariyar hijabina, ba wanda ya ɗaga waya. Ba al'adata ba ce, addinina bai yarda ba, ƙafata ba za ta ƙara taka can ba. Amma sun fi wasu masu riga ladabi.

Har zuwa nan makin tauraro huɗu cikin biyar na yi niyyar ba sansaninmu, don laifin allo nawa ne. Wurin tsaf yake, inuwar itatuwa ko'ina, yara sun yi abokai har ba sa neman mu sai yunwa ta koro su.

Sai na tuna da wurin ninƙaya. Maigida ya shiga da wandonsa mai kaiwa gwiwa, mai gadi ya busa masa usur a gaban 'ya'yansa, wai sai ɗan kamfai mai kama jiki, dokar tsafta ce. Ni kuwa da kayan wankana masu rufe jiki ko bakin ruwan ban kai ba. Mun biya kuɗin ruwan nan cif, muka ƙare a kujera muna gadin takalma. Me zai hana su rubuta wannan ɓaro-ɓaro tun wurin biyan kuɗi? Can ƙasan takarda muka gano shi, da rubutu kamar ƙafar kiyashi. Wato a wajen marasa sutura an bar mu da tamu, a wajen iyali kuma yawanta ya zama laifi.

Gawayi ma an hana, naman da na tanada da yajin tsire ya koma tukunya. Wannan ban yi musu ba, kowa ya tuna gobarar dajin yankin ta 2022.

Tauraro uku. In na sake tuna usur ɗin nan, biyu. Hajiya dai ta koma Maraɗi, kuma an ce duk wanda ya je yi mata barka da dawowa sai ya ji labarin tsoho mai hula.