Useradd ko DynamicUser: ɗauki na farko

Ɗan'uwa, ka tambaya wace hanya ta fi wajen ba manhajar da ke aiki a Linux asusun kanta: useradd -r, umarnin da ke buɗe mata asusu na dindindin, ko DynamicUser na systemd (manhajar da ke kunna sauran manhajoji), mai ba ta asusun wucin gadi. Ɗauki na farko ka huta.

Ƙaramar kwamfutar shagonmu a Agege Debian, wani nau'in Linux, ce a kanta. Ita ke riƙe da manhajar lissafin kaya da wadda ke kwafe bayanai da daddare. Kowacce na buɗe mata asusunta daban, babu kalmar sirri, na sa mata /usr/sbin/nologin don kada wani ya shiga da sunanta. Debian na ba irin wannan asusu lamba tsakanin 100 da 999, kuma lambar ba ta canzawa. Amfanin hakan ya fito ne ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona mana kwamfutar. Na zare diski na maƙala a wata, na sake buɗe asusun da lambobinsu na da ta hanyar useradd -u, wanda ke ba ka damar zaɓar lambar da kanka, kafin la'asar yara sun ci gaba da buga rasit kamar ba a yi komai ba. Ai fayil lambar mai shi ya sani, sunan don mu ne kawai.

DynamicUser kuwa, ba laifi. Yana ara wa manhaja lamba tsakanin 61184 da 65519 idan ta tashi, ya karɓe abinsa idan ta tsaya, yana kuma hana ta rubutu a kusan duk diskin. Amma ajiyarta sai ta StateDirectory, wato ma'ajiyar da systemd ke ware mata, can cikin /var/lib/private. In a diskin waje kake ajiya, ko wata manhaja za ta karanta fayilolin, za ka sha fama. Bar shi ga ƙananan ayyukan da ba sa ajiye komai.

Kada kuma ka tara manhajojin duka a ƙarƙashin asusu ɗaya da ya zo da Debian, irin nobody ko www-data, don sauƙi. Wanda ya kutsa ɗaya, sauran ma sun zama nasa.

In tokunbo, wato kwamfuta ta hannu, za ka saya a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ka yi hattara da masu cewa “an saita maka komai, oga”. Wasu a root, asusun da ke da iko a kan komai, suke kunna komai, wasu kan bar asusun ɓoye. Duba /etc/passwd, fayil ɗin da ke jera asusu da lambobinsu, root kaɗai ya kamata ya zama mai lamba 0. Ni dai in ka bi tawa, goge diskin gaba ɗaya ka sa sabuwar Debian da hannunka.