Fawa bank biyu na yi amfani da su, ɗaya ce ta yi mini rana

A ƙarshen watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano da jihohi da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, ina cikin waɗanda suka yi ta zarya a shagon caji. Man fetur ya riga ya yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, don haka masu janareta suka ƙara kuɗi. A unguwarmu cajin naira 100 ya koma 200, kuma sai ka bar wayarka awa uku a hannun wani, an manna mata takarda da lamba kamar buhun da za a loda a tasha.

Ni kuwa wayata ce shagona. Ina da shafi a Facebook da nake sa farashin hatsi daga kasuwar Dawanau sau biyu a mako, da gajerun bidiyo na masara, gero, wake da riɗi, sannan masu saye su biyo ni ta WhatsApp mu yi ciniki. Wanda ya taɓa ɗaukar bidiyo a tsakar rana ya san yadda caji ke zuba. Dole ka ƙure hasken fuskar waya don ka ga abin da kake ɗauka, kyamara na aiki, data a kunne, in sabis ya yi rauni kuma wayar ta riƙa wahalar nemansa. Na kan fita da ɗari bisa ɗari da safe, kafin la'asar alamar batir ta koma ja.

A cikin wannan duhun ne na ga tallar fawa bank ɗin da na fara saye a TikTok. Wani matashi ya ɗaga ta sama, baƙa mai ratsin lemo, da sola a bayanta, da fitila biyu, da igiyoyi huɗu a jikinta, an rubuta 50,000mAh, wato ma'aunin yawan cajin da take ɗauka, da manyan baƙaƙe. Ya ce in ka ajiye ta a rana ka rabu da shagon caji har abada. Farashinta bai kai rabin na waɗanda na tambaya a kasuwa ba. Na tura kuɗi, washegari ɗan sahu ya kawo mini. Matata ta ɗauke ta, ta jinjina a hannu, ta ce, "Wannan ai ba ta kai nauyin wayarka ba." Na ce mata ai fasaha ce ta ci gaba. Har yau in ta so tsokana sai ta ce, "Malam, ina fasaha?"

Cajin farko ta cika wayata sau ɗaya, a na biyu ta kai ta sittin da wani abu ta mutu. Na ce wataƙila ban cika ta da kyau ba, na sake, haka dai. Sai na juya ga solar, wadda ita ce ma ta ja ni. Na shanya ta a kan katanga daga hantsi zuwa la'asar sakaliya, kwana uku a jere. Wata 'yar fitila koriya tana kamawa da zarar rana ta taɓa ta, abin da ke sa mutum ya ji daɗi, amma a cikin ɗigo huɗu da ke nuna yawan caji ko ɗaya bai ƙaru ba. Daga baya na fahimci lissafin. Sola mai faɗin tafin hannu, in ta yi ƙoƙari, wat ɗaya da wani abu take bayarwa. Fawa bank mai 20,000 na gaskiya tana ɗaukar wuta ta kusan wat 74 na awa guda. Ke nan sai ta sha rana mai ƙarfi na awa saba'in ko fiye, wato kusan mako biyu ana shanya ta kamar kuɓewa, kafin ta cika sau ɗaya. Abin haushin ma shi ne batirin litiyam ba ya shiri da zafi. A Kano kuwa watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, balle baƙar roba a kan katanga. Da bazara ta kama, ƙanena da na bar wa ita ya kawo mini, ya ce, "Yaya, ka ga ta yi ciki." Murfin ya ɗaga, gefen ya buɗe. Na hana shi sake jona ta, domin batirin da ya kumbura yana iya kamawa da wuta.

Mun kai wa wani mai gyara ya buɗe don mu gani. Ban tarar da yashi ba, irin wanda ake nunawa a bidiyo, amma ƙwayoyin batir biyu ne kawai a ciki, sauran wurin soso ne aka cusa don kada su yi motsi.

Ta biyun a kasuwar waya ta Farm Centre na saye ta, tun a watan Disamba, da na ga ta farkon ba za ta kai ni ko'ina ba. Mai shagon dattijo ne, bai yi mini dogon surutu ba. Ya ɗora mini ita a hannu ya ce, "Alhaji, fara jin nauyin." Ta kusa rabin kilo. Sai ya juya kwalin ya nuna mini wani ƙaramin rubutu a baya, wanda ni da kaina ba zan taɓa dubawa ba. A gaba an rubuta 20,000mAh, a baya kuma an rubuta cewa abin da za ta iya fitarwa kusan 12,000 ne. Na ce to ai ita ma ƙarya ta yi. Ya yi dariya ya ce a'a, ita ce ma ta faɗi gaskiya.

Ga yadda abin yake, kamar yadda na bibiya na gane. Batirin da ke ciki yana aiki ne a kan bolt 3.7, shi kuma 20,000 ɗin a kan wannan aka ƙirga shi. Amma bakin USB bolt 5 yake fitarwa, don haka dole na'urar ta ɗaga ƙarfin wutar kafin ta tura. In ka yi lissafin, 20,000 ɗin ya dawo 14,800. A wurin ɗagawar nan wani kaso yana tafiya a zafi, shi ne ɗumin da kake ji a jikinta. Ita ma waya sai ta sake sauke wutar zuwa abin da batirinta ke karɓa, nan ma a yi asara. Kamar ɗebo ruwa ne daga rijiya a zuba a bokiti, daga bokiti a juye a randa, kowane juyi sai an zubar da wani abu. Saboda haka wanda ya raba 20,000 da 5,000 ya ce za ta cika wayarsa sau huɗu, zai sha mamaki. Wayata mai 5,000 ce, kuma abin da nake samu shi ne cika biyu da rabi, wani lokaci ya kusa uku in na kashe data na bar ta ta huta tana caji. In ina latsawa tana caji, biyu ne da ɗan ɗori.

Wannan ya ishe ni wuni biyu a kasuwa. Na yi bidiyo kai tsaye na minti arba'in a layin 'yan riɗi, tana cikin aljihun gaban riga, igiya ta fito ta wuya, ban sauka ƙasa da tamanin ba.

Amma abin da na fi so masu saye su kula da shi ba yawan abin da take ɗauka ba ne, saurin da take sha ne. Masu tallar kayan nan a intanet ba sa taɓa wannan maganar, saboda yawancinsu kwali kawai suke buɗewa a gaban kyamara, su shafa, su ce "ka ga kyau", ba su kwana da abin ba balle su yi wata da shi. Mu da ake kawo wa wuta awa biyu ko uku, wani lokaci da tsakar dare, tambayarmu ita ce nawa za ta sha kafin a ɗauke. Da tsohon kan cajata mai wat 10, sai ta kai awa tara zuwa goma kafin ta cika. Ma'ana a wutar unguwarmu sai ta yi kwana uku tana tarawa. Da na sayi kan caja mai wat 18 da igiyar Type-C mai kauri, lokacin ya sauko zuwa awa biyar da wani abu. A wuta ɗaya ta awa uku tana haura rabi, rabin nan kuma ya cika wayata har da saura. Wannan kan cajar, wanda bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin fawa bank ɗin ba, shi ya sa kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Wanda ya sayi mai 30,000 ko 40,000 kuma ya jona ta da cajar da ta zo da ƙaramar waya, ya sayi tanki ne yana cika shi da buta.

Tana da nata aibun. Nauyinta na jan aljihun kaftani har ya karkace, na kuma taɓa yaga aljihu ɗaya. Igiyar da ta zo da ita gajeriya ce ƙwarai, kuma ba ta yi wata biyu ba ta fara sai an murɗa. Ba ta son ƙananan kaya: in na jona abin saurare na kunne, bayan ɗan lokaci sai ta ɗauka ba komai a jone ta kashe kanta, sai na danna maɓallin sau biyu ta shiga yanayin ƙaramar wuta, abin da na yi wata huɗu ban sani ba don ban karanta takardar ciki ba. Lambar da ke nuna kaso kuma ba ta da tabbas a ƙasa. Daga ɗari zuwa talatin tana sauka a hankali, daga ashirin kuwa sai ka ga ta zube kamar an fasa tulu.

Bayan shekara guda da 'yan watanni ta ɗan ja baya. Inda nake samun biyu da rabi, yanzu biyu ne da kaɗan. Haka batirin litiyam yake, yana da adadin cika da ƙarewa da yake ɗauka, 'yan ɗaruruwa, kafin ƙarfinsa ya fara raguwa, zafi kuma yana gaggauta masa tsufa. Na daina barin ta a cikin mota, na daina sa ta ƙarƙashin matashi tana caji.

Da Hajiyarmu za ta tafi Umara ta ce in ara mata. Na duba ƙa'ida, kamfanonin jirage suna barin wadda ba ta wuce wat 100 na awa guda ba, wato kusan 27,000mAh, amma a jakar hannu kaɗai, ba a cikin akwatin da za a auna ba. Tawa 74 ce, an kuma rubuta a jikinta ƙarara, don haka aka bar ta ta shiga jirgi. Waccan mai 50,000 da tana raye, rubutun da ke jikinta kaɗai ya isa a ƙwace ta a filin jirgi, alhali abin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba.

Hajiya ta dawo ta ce duk matan ɗakinsu da ita suka yi ta caji, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ta dawo mini da ita ba. Yanzu haka tana kan durowar gefen gadonta, kusa da carbi, ni kuma ranar Asabar zan koma wurin dattijon nan da kan cajata a aljihu.